Daga filin wasa zuwa gidan likita: wa zai mai da hannun manomin Falanko bisa hauya?

A watan Mayu na shekara ta 2023, babban taron Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ya amince a birnin Janiba da wani ƙuduri mai kira ga ƙasashe su shigar da aikin farfaɗo da gaɓɓai cikin tsarin kiwon lafiyarsu. Bisa ƙididdigar ƙungiyar, mutum kimanin biliyan 2 da miliyan 400 ne a duniya ke da larurar da wannan aiki zai taimaka mata. Jamhuriyar Nijar kuwa tun cikin 2008 ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Alkawari ya shiga takarda. Abin da ya rage shi ne ma'aikatan da za su cika shi, da hanyar da za a bi a horar da su.

In ana son a gane nauyin maganar, sai a dubi Falanko, cikin gundumar Tanut ta jahar Damagaram. Ƙasar Damargu, wadda a yau ta haɗa gundumomin Tanut da Balbeji, tun zamanin ayari rumbun hatsi ce ga mutanen Abzin. Arzikinta yana cikin hannun talaka: hannun da ke riƙe hauya, da mai jan guga, da mai ɗaga taɓarya. Damina gajera ce. Magidancin da hawan jini ya shanye ma ɓarin jiki, ko wanda ya karye a haɗarin babur ƙashi ya haɗe a karkace, idan ya rasa noman shekara ɗaya, gidansa duka ya shiga ci da bashi. Akwai kuma waɗanda shan inna ya bari da gurguntaka, ko da yake an bayyana a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar cutar ta asali ta ƙare a Afirka. Babban asibitin ƙasa yana Damagaram, tafiyar da ke cin kuɗin mota da na masauki, alhali gyaran gaɓa aikin watanni ne.

Sana'o'i biyu ke ɗaukar wannan nauyi, kuma wajibi ne a rarrabe su. Ta farko ita ce ta kine, mai tausa da motsa gaɓɓai don ƙarfi ya komo. Ta biyu Faransawa na kiranta ergoterapi, wato jinya ta hanyar aikin yau da kullum. Mai wannan sana'a yana tambayar majinyaci aikin da yake ci da shi, sa'an nan ya koya masa yadda zai koma gare shi: sa riga da hannu ɗaya, yin alwala, riƙe cokali. Yakan kaurara ƙotar hauya domin yatsun da ba su damƙa, ya rage tsawon dokin ƙofa, ya koya ma iyali yadda za su taimaki mara lafiya ba tare da sun mai da shi ɗan zaman tabarma ba.

A ƙasashen da sana'ar ta daɗe, ɗalibai da dama suna shigarta ta ƙofar ilimin motsa jiki. A Amurka, inda aka kafa ƙungiyar masu ita cikin 1917, tun 2007 sai da babban digiri ake shiga aikin. Saboda haka matashi yakan fara da digirin farko a fannin wasanni da jagorancin motsa jiki, daga baya ya wuce makarantar jinya. A Faransa an kafa difulomar gwamnati ta ergoterapi cikin 1970, karatun shekara 3 ne, kuma wasu makarantun suna karɓar ɗaliban da suka ci shekarar farko ta sashen wasanni na jami'a.

Dalilin a fili yake. Ɗalibin motsa jiki yana karanta ƙashi da tsoka da numfashi, ya san yadda ake ƙara ma jiki aiki kaɗan-kaɗan ba tare da an ji masa rauni ba. Ya kuma koyi tsayawa gaban jama'a, ya sa mai kasala ya tashi, ya hana wanda ya gaji karaya. Majinyacin da zai maimaita motsi ɗaya sau ɗari yana bukatar irin wannan jagora.

Nijar ba ta rasa wannan tushe ba. Makarantar ƙasa ta matasa da wasanni da ke Yamai, wadda aka sani da INJS, tana horar da malaman motsa jiki da ake turawa kwalejoji da lise. Ƙasar da ta fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin 1975 ba baƙuwa ba ce ga horon jiki. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram suna da sassan ilimin lafiya. Abin da za a nema shi ne gada tsakanin gidajen biyu, yadda mai difulomar wasanni zai shiga karatun farfaɗo da gaɓɓai ba tare da ya koma farko ba.

Amma fa akwai hattara uku. Na ɗaya, malamin wasa da lafiyayyen jiki ya saba. Ciwon jijiya da na ƙwaƙwalwa, da ƙuna, da larurar jarirai, duk sai ya karance su, ya yi horo gaban gadon majinyata ƙarƙashin likitoci. Wanda ya taɓa shanyayyen hannu da rabin sani yana iya ƙara masa ciwo. Na biyu, makarantun karkara su ma suna bukatar malaman motsa jiki. Kada a toshe wata ɓaraka a buɗe wata. Na uku, mai dogon karatu yakan so zaman birni, kuma in duka suka tare a Yamai, Damargu ba ta ci ribar kome ba.

Saboda haka ya kamata ma'aikatun lafiya da na ilimi mai zurfi da na wasanni su zauna tebur ɗaya, su tsara adadin ɗaliban da za a ɗauka, da darussan da za a yafe masu, da matsayinsu cikin aikin gwamnati. A ba ƴaƴan gundumomi kamar Tanut da Balbeji tallafin karatu bisa sharaɗin su dawo su yi aiki a gida na wasu shekaru. Ma'aikaci ɗaya a asibitin gunduma, mai babur yana zagaya Falanko da Gangara da Tarka ran kasuwa, zai iya koya ma jami'an lafiya na ƙauye da maɗora gane karayar da ta fi ƙarfin ɗori, ya sa maƙera da kafintocin gari su ƙera sanduna da kujeru da kayan da ke hannu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane manomi da aka mai da gona, baki ne da ya fita daga layin taimako, kuma dami ne da ya ƙaru cikin rumbun ƙasa.