Hukumar Wasanni ta Ƙasa da Filin Makaranta

Wasa tsohon abu ne a rayuwar Bahaushe. Tun kafin zuwan Turawa, da zarar an kawar da amfanin gona akan ji kalangu a fagen dambe, 'yan kokawa su cika dandali, yara kuma su fito langa idan farin wata ya haska. A wancan zamani babu wata hukuma da ke shirya waɗannan abubuwa, domin gari ne ke ba da fili, manya su sa ido, makaɗa su zuga. Da garuruwa suka bunƙasa, fili ya yi tsada, sai wannan ɗawainiya ta koma wuyan gwamnati.

A Nijeriya an kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa a 1971, shekara guda bayan yaƙin basasa, a zamanin Janar Yakubu Gowon. A 1973 aka fara Bikin Wasanni na Ƙasa a Legas, da nufin haɗa kan matasan da yaƙi ya raba, tare da zaƙulo masu baiwa daga kowane lungu. Sai dai hukumar ba ta samu zama da gindinta ba. An sha rushe ta a miƙa aikinta ga ma'aikata, daga baya a farfaɗo da ita. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya soke ma'aikatar wasanni, ya mayar da aikin hannun hukumar, ya naɗa Shehu Dikko shugabanta. Hakan ya zo ne bayan 'yan wasan ƙasar sun dawo daga gasar Olamfik ta Faris hannu rabbana, kamar yadda ya faru a Landan a 2012.

Ba abin mamaki ba ne idan jama'a suka auna hukumar da yawan lambobin yabo. Har yau ana tuna 1996, lokacin da Nijeriya ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a Atalanta, Chioma Ajunwa kuma ta ci nata a dogon tsalle. Amma illar wannan ma'auni ita ce yakan sa a zuba kuɗi a kan manyan 'yan wasa ana saura wata biyu gasa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai ci zinare yana da shekara 22, tun yana ɗan shekara 10 wani malami ya lura da gudunsa a filin makaranta.

Wannan fili shi ne yake ɓacewa. A birane da dama an yanka filayen makarantun gwamnati an gina shaguna, makarantun kuɗi da yawa kuwa a gidajen haya suke, babu ko inda yaro zai miƙe ƙafa. Darasin motsa jiki yana nan a jadawali, amma sau da yawa ana cinye lokacinsa da wani darasi ko shara. Yaron da ya rasa fili zai nemi inda zai kashe lokacinsa, kuma ba safai wurin da yake samu ke zama alheri ba. Asarar ta shafi lafiyarsa da tarbiyyarsa tun kafin a zo zancen lamba.

Wasu za su ce makarantun firamare na jihohi ne da ƙananan hukumomi, don haka ba hurumin hukumar tarayya ba ne. Gaskiya ne, amma akwai abin koyi a gida. Tun bayan dokar 2004, Hukumar Ilimin Bai-ɗaya takan ba jihohi tallafi bisa sharaɗin su kawo nasu kason. Babu abin da zai hana Hukumar Wasanni ta bi wannan hanya, ta ba da kayan wasa da kuɗin gasar makarantu ga jihar da ta killace filayenta da doka. Haka nan ya kamata ta haɗa hannu da kwalejojin ilimi, inda ake horar da malaman motsa jiki, domin su ne idonta a ƙauyen da jami'inta ba zai taɓa takawa ba.

Wasannin gargajiya ma hanya ce mai sauƙin kuɗi. An shigar da dambe da kokawa da langa cikin Bikin Wasanni na Ƙasa, amma da an watse sai a manta da su. A Jamhuriyar Nijar kuwa, tun 1975 gwamnati ta ɗauki nauyin gasar kokawa ta ƙasa, inda zakara ke karɓar takobi, har ta zama abin da ƙasar duka ke jira. Kokawa ba ta buƙatar komai sai rairayi da alƙali da makaɗi.

Don haka, idan za a yi wa hukumar hisabi, ya dace a fara da tambayar yara nawa, maza da mata, suka samu fili da malami a shekarar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙasar da ta tsare wa yaranta filin wasa ba za ta daɗe tana dawowa daga gasa hannu wofi ba.