Masu Digiri Kan Ilimin Mata, Ina Rabonmu a Kundinku?

Yau ba cigaban labari na kawo muku ba, ƙorafi ne, kuma da 'yan'uwanmu na jami'a nake, musamman masu neman digiri na biyu da na digirgir a tsangayar ilimi, waɗanda suka ce sun ƙware a nazarin jinsi da al'amuran mata. Duk shekara sai sun zo mana da takardun tambayoyi, mu ba su lokacinmu, mu ba su littattafanmu kyauta, har mu haɗa su da masu karanta mu. Daga ranar da aka ɗaura musu hular nan mai tunku, shi ke nan, ko sallama babu. Kundin da aka rubuta a kanmu da Turanci yake, yana can a kan kanta yana shan ƙura, matan da aka yi dominsu ba su san an yi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke auna ilimin mace. A wurin yawancinsu, ilimi shi ne kujerar aji da takardar shaida. Za su lissafa 'yan mata nawa aka sa a firamare, nawa aka cire aka yi wa aure, daga nan sai a rufe babi da kalmar "jahilci". To wadda aka cire ɗin ina ta tafi? Ta daina karatu ne? Ku shiga ɗakunan matan aure a Fagge ko Tudun Wada ku ɗaga filo ku gani. Mata da yawa da suka fita daga aji suna haɗa baƙi da ƙyar, littafin soyayya ne ya zaunar musu da karatun boko, domin son jin yadda za a ƙare tsakanin amarya da uwargida ya fi bulalar kowane malami sa mutum naci. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano a 1980, aka koya wa jama'a karatu, amma wa ya ba su abin karantawa bayan an tashi daga ajin? Mu ne, da shagunan hayar littafi. Yau kuma aikin ya koma WhatsApp da Wattpad. Wannan makarantar ba ta da hedimasta, shi ya sa ba ta shiga lissafinku.

Kuma batun da kuke neman digiri a kansa, mun riga ku faɗarsa. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Labarin Abu ne, da aka hana karatu aka aura wa tsoho, ta gudu, ta koma makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya. Kafin ita akwai Hajiya Hafsat Abdulwaheed da So Aljannar Duniya a 1980, bayanta ga Anti Bilki Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Auren dole, kishi, sakin wulaƙanci, hana mace aiki, duk sun tattauna su da harshen da mahaifin yarinya zai ji. Amma ɗalibi zai cika babinsa na biyu da sunayen Turawan da ba su taɓa jin kalmar "zawarci" ba, mu kuwa a ajiye mu a matsayin "samfuri", kamar sauron da aka kama aka sa a kwalba.

Ba kuɗin goro nake yi ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu malamin ilimi ne, kuma shi ya tsaya a jaridu a ƙarshen shekarun 1990 yana kare rubutunmu, bayan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba mana sunan Adabin Kasuwar Kano. Novian Whitsitt daga Amurka ya zo ya karanta Balaraba da Anti Bilki da Hausa, ya yi digirinsa a kan Balaraba a Jami'ar Wisconsin. Ashe ana iya yi. Me ya hana ɗan gida?

Za a ce ai a cikin littattafan akwai shirme da batsa. Akwai, kuma mu muka fi kowa jin zafinsa. Sai dai aikin mai bincike ke nan, ya tace ya ware tsaki da tsakuwa. A 2007 aka tara littattafan Hausa da aka ƙwace a hannun 'yan mata 'yan makaranta a Kano aka cinna musu wuta. Da a ce akwai binciken da ya nuna wa hukuma abin da yaran ke koya a ciki, mai kyau da maras kyau, a harshen da iyaye za su karanta, da wataƙila an yi gyara maimakon ƙonawa.

Za a kuma ce dokar jami'a ce a rubuta da Turanci. To, mun ji. Sassan Hausa dai suna karɓar kundi da Hausa, sama ba ta faɗo ba. Ko an tilasta muku Turancin, wace doka ce ta hana ku taƙaita sakamakon a shafi biyar da Hausa, ku kai wa matan da suka amsa muku tambayoyi, ku kai gidan rediyo, ku kai makarantun Islamiyya na matan aure? Nana Asma'u 'yar Shehu da ta so ilimi ya isa ga matan ƙauye, waƙe ta yi da Hausa da Fulatanci, ta ɗora wa jajis suka kai har tsakar gida. Kuna yawan ambatonta a gabatarwa, amma hanyarta kun bar ta.

Don haka ga sharaɗina, kuma ina kira ga 'yan'uwana marubuta mu haɗu a kai. Duk ɗalibin da ya zo, a tambaye shi littafi nawa ya karanta daga bango zuwa bango. A sa shi ya yi alkawarin ambaton marubuciya da sunanta a matsayin mai ra'ayi. A kuma karɓi alkawarin zai dawo da abin da ya gano da Hausa. In ya ƙi, a ba shi ruwa ya sha, a yi masa addu'ar Allah ya ba da sa'a, ya kama hanya.

Allah ya sa mu gyara. Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu in Allah ya kai mu.