Baitulmali Amana Ne

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci, cewa a riƙa danƙa wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu a hannunsu, kada su bi ta hannun gwamnoni. Jama'a sun yi murna, mu ma mun yi. To, amma in kuɗi sun shiga hannu, wa zai duba littafi?

Wannan magana ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1911 aka kafa baitulmali a ƙasashen sarakunan Arewa, haraji da jangali suka riƙa shiga da rasit, aka yanka wa sarki da hakimai albashi. Da kuɗin nan En'e ta gina makarantun elementare da ɗakunan shan magani, ta haƙa rijiyoyi, ta gyara hanyoyi. Amma ba a sakar mata linzami ba. Kowace shekara sai ta rubuta abin da take tsammanin samu da abin da za ta kashe, a kai wa Razdan ya duba. Di'o kuwa in ya fita rangadi, sai ya gwada littafi da abin da ke cikin akwati.

Duk da haka talaka ba shi da ta cewa. Shi ya sa a 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisa a Kaduna, ya nemi a gyara sha'anin En'e. A 1954 aka yi sabuwar Dokar En'e, ana kuma horar da ma'aikatanta a Kongo, Zariya. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka binciki kuɗin En'en Kano, a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus. Waɗansu sun ce da siyasa a ciki. Ko ma yaya, kowa ya ga girman En'e bai hana a buɗe mata littafi ba.

An rushe En'e a 1976, amma darasin yana nan. Aikin gwamnatin jiha shi ne ta duba, ba ta riƙe ba. Ta aika da masu bincike a kan kari, kuma a manna kasafin kowace hukuma a ƙofar ofis da Hausa, mai biyan haraji ya karanta.

Ku malaman ofis, kada ku rubuta kwabon da ba ku ga inda ya tafi ba. Ku malaman makaranta, ku koya wa yara karanta rasit. In bera da sata, daddawa ma da wari: jama'ar da ba ta tambaya, ita ke buɗe wa ɓarawo ƙofa.