Kalmar korar da Jamusawa suka ɗanɗana a jikinsu

A Jamusanci, idan aka tashi mutane daga gidajensu da ƙarfi, kalmar da ake amfani da ita ita ce "vertreiben". Asalinta "treiben" ne, wato kora irin wadda makiyayi yake yi wa shanu. Da aka ƙara mata "ver" a farko sai ta zama kora ta nesa. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimta ba, domin shi ma da kalma ɗaya yake korar garke da korar baƙo. Abin mamaki, da ita ɗin ce Bajamushe yake cewa kamfani yana rarraba haja.

Nauyinta daga tarihi ta samo shi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa kimanin miliyan 12 suka tsere ko aka kore su daga Poland da Czechoslovakia da Hungary da makwabtansu. Jamus ta Yamma ta kira su "Vertriebene", korarru, har ta yi musu doka a 1953. Jamus ta Gabas kuwa, don gudun ɓata wa Tarayyar Sobiyat rai, ta ce musu "Umsiedler", masu sauya matsuguni, kai ka ce da son ransu suka ɗaure kaya. Kafin nan ma ’yan Nazi da sunan sauya matsuguni suka kwashi Yahudawa zuwa sansanonin kisa.

Shi ya sa abin da ya faru kusa da birnin Potsdam a Nuwamba 2023 ya girgiza jama’a. Kafar bincike ta Correctiv ta bankaɗo cewa masu tsattsauran ra’ayi, ciki har da wasu ’yan jam’iyyar AfD, sun tattauna fitar da baƙi daga ƙasar, suna kiran shirin "Remigration", wai komawa gida. Dubun dubatar mutane suka fito zanga-zanga, kuma alƙalan harshe suka ayyana ta a matsayin kalma mafi muni ta 2023.

Sun yi daidai. "Vertreiben" ba ta da daɗin ji, amma tana nuna akwai mai kora, akwai wanda ake kora. "Remigration" ta ɓoye mai sandar. Ga yaron da aka haifa a Hamburg, wanda iyayensa suka zo daga Kumasi ko Kano, ba komawa ba ce, domin a Hamburg ɗin aka yanke masa cibiya.