Ɗakin Hostel Ma Labari Ne

'Yan uwa marubuta, har yaushe jaruman littattafanmu za su ci gaba da zama 'ya'yan ministoci a Maitama? Mu da muka kwana mu takwas a ɗaki ɗaya, muka raba garin kwaki da ƙuli-ƙuli, me ya kai mu siffanta falon da ba mu taɓa shiga ba?

A 2008 tashar TNT ta Rasha ta fara nuna Univer, wasan barkwanci kan ɗaliban jami'a a Mosko. Akwai ɗan attajiri a ciki, amma a hostel aka ajiye shi, ya goga kafaɗa da 'ya'yan talakawa. Wasan ya karɓu har aka yi masa ci gaba a 2011.

Mu fa? Ga Kwalejin Waziri Umaru a nan Birnin Kebbi, ga Adamu Augie a Argungu. Bakabe, Badakkare da Bayarabe, risho ɗaya. Wa zai sayo kananzir? Wa ya faɗi jarrabawa, alhali babansa shinkafarsa ya sayar ya biya kuɗin makaranta?

Za a ce masu karatu daula suke so. Mun taɓa ba su wannan suka ƙi? In ba mu rubuta rayuwarmu ba, baƙo zai rubuta mana, a karkace.