Kumburin ƙafar maijego ba zai jira safa mai na'ura ba

A wasu jami'o'in Amurka da Turai ana gwajin safa da maɗaurin idon sawu masu na'urar da ke auna kumburi ta aika sakamakon zuwa waya. Masu ciwon zuciya ne aka fi nufi da su, domin idan zuciya ta fara gazawa, ruwa kan taru a ƙafafu kafin numfashi ya yi wuya.

Wannan ciwo ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Tun shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka yi rubutu kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta. Binciken baya-bayan nan a Kano ya ƙara da ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki. Masana na ci gaba da muhawara kan sanadin, amma alamun ba su sauya ba: ƙafa ta kumbura, tari cikin dare, mace ta kasa kwanciya sai ta jingina.

A ƙauyukan Ikara, Makarfi da Kudan, inda maijego kan kwana arba'in a ɗaka, wa zai ga alamun? Uwa ce, ko suruka, ko ungozoma. Sau da yawa sai a ce jego ne, zai sace, a ƙara mata kunu. Kafin a nemo mota zuwa Hunkuyi, balle Shika, an makara.

Na'urar tana buƙatar caji da intanet, da likitan da zai karanta saƙon ya kira. Ranar da za ta iso, madalla. Kafin nan, awon da ungozoma za ta iya ba ya cin ko sisi: ta danna yatsa a ƙaurin maijego na 'yan daƙiƙu; idan rami ya zauna, asibiti ya kama.

Ya kamata ma'aikatar lafiya ta Jihar Kaduna ta koyar da wannan a ranakun awon ciki, ta kuma tabbatar kowane asibitin sha-ka-tafi na da na'urar awon hawan jini mai aiki. Ɗaliban kiwon lafiya da ke karatu a Makarfi za su iya kai darasin gida-gida, tun kafin ranar suna.