Taskar Krell Ta San Komai, Ban da Zuciya

'Yan'uwa matasa, akwai wata magana da muke yawan ji a tsakaninmu: wai da ɗan Adam zai tara ilimin da ya isa, da mugunta ta ƙare a duniya. Ba mu yarda ba. Shaidarmu kuwa wani tsohon fim ne na Amurka, Forbidden Planet, wanda ya fito a 1956.

A labarin, wasu halittu masu suna Krell sun taɓa zama a duniyar Altair IV. Sun fi mutum sani nesa ba kusa ba. Sun tara iliminsu a taska, suka gina wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa, mil 20 ta kowane ɓangare, wadda ke mai da abin da aka yi tunani ya zama zahiri. Amma a dare ɗaya suka hallaka kaf, shekara 200,000 kafin mutane su iso wurin.

Wani masanin harsuna, Morbius, ya shafe shekara 20 yana karatun abin da suka bari. Na'urar koyarwarsu ta ƙara masa basira ƙwarai. Duk da haka bai gano abin da ya kashe su ba, domin taskar ba ta ƙunshi amsar ba. Krell sun manta cewa na'urar ba ta zaɓen tunani. Ƙiyayya da kishin da ke ɓoye a can cikinsu ma sai da ta ba su jiki. Dodon da ya kashe abokan tafiyar Morbius kuma daga cikinsa ya fito, shi da ya ce mutanen duniya ba su isa a ba su wannan ilimi ba, sai shi ya riƙe musu.

Wani zai ce kuskuren gini ne kawai, da sun sa wa na'urar birki da sun tsira. To, wa zai ƙera birkin? Wanda bai san yana da ciwo ba, ba ya neman magani. Iyakar kowace taska ke nan: abin da mai ita ya yarda ya gani kaɗai take ajiyewa.

Ba ilimi muke zagi ba. Ku yi karatu, ku ci jarrabawa, ku koyi kwamfuta. Amma ku tuna da Sarki Sulemanu. Babu wanda ya kai shi hikima a zamaninsa, duk da haka da ya tsufa zuciyarsa ta juya ga gumaka. Ba ƙarancin sani ya kā da shi ba.

Yau wayar da ke aljihunmu ta zama ƙaramar taska. Da ita muke karanta Littafi Mai Tsarki, da ita kuma muke ɓata sunan ɗan'uwa. Ƙarin data ba zai gyara wannan ba. Kafin mu sake buɗe ta, mu durƙusa mu roƙi Ubangiji ya bincike abin da muka ɓoye wa kanmu, mu tuba.